Ciwona Bai Yi Kama da Na Malam Ba

Ciwon Malam, mijina, da shela ya zo. Lokacin huɗa ne, an sami ruwa mai kyau, kowa yana gona. A wajenmu nan arewacin Kano gonaki manne suke da juna, in ka yi atishawa a taka maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a, don haka mutane da yawa sun ga lokacin da ya saki garma ya durƙusa. Sun ce ya dunƙule hannun dama ya danna a tsakiyar ƙirji, zufa tana zuba kamar an watsa masa ruwa. Kafin labari ya iso ni a cikin gida an riga an ɗora shi a amalanke an kai bakin titi, an tare mota, an buga wa babban ɗanmu waya a Kano. Ni dai na fito zaure da mayafi a karkace, na tarar wani ya kawo takalmansa ya ajiye.

Ya kwanta a asibiti, ya dawo da ledar magani da sunan ciwo. Jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ne suka tsuke, in ji likita, kuma ba ciwon da ake rabuwa da shi ba ne, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai. An hana shi huɗa, an hana shi ɗaukar dami, an hana shi gishiri da kitse da balangun ranar kasuwa. Akwai wata 'yar ƙwaya da zai sa a ƙarƙashin harshe idan abin ya motsa.

Garinmu kaf ya zo dubiya. Tabarma ba ta naɗuwa a zaure, har daga Makoda da Bagwai abokan cinikinsa na gyaɗa suka zo, kuma kowa ya zauna sai Malam ya nuna masa yadda abin yake. Zai dunƙule hannu ya danna ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa buhun dawa, sannan ya bi hannunsa na hagu da yatsa har gwiwar hannu. Ina daga cikin gida ina jin bayanin, har na haddace shi. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ta wani ɓangaren ya ji daɗin ciwon nan, don ya mayar da shi mai labari a gari.

Aiki kuwa kaina ya dawo. Tukunya biyu nake ɗorawa, tasa babu gishiri babu dunƙule, sai daddawa da citta da ɗan tattasai don ta shiga baki. Tunda an raba shi da nama mai kitse sai ya koma wa fura, kuma bai yarda da niƙan inji ba, wai yana warin ƙarfe. Ni ke surfe, ni ke daka, ni ke kirɓi. 'Ya'yana mata sun riga sun yi aure, babu mai karɓar taɓarya in hannu ya gaji. Ban yi ƙorafi ba. Mijina ne, kuma ina tsoron rasa shi.

A bakin turmin nan nawa ya fara. Shekaruna sun ja a lokacin, jinin wata ya daɗe da ɗaukewa, amma ƙarfina yana nan, ko dai haka nake zato. Ina cikin kirɓi sai in ji wani abu ya riƙe ni a baya, tsakanin kafaɗu, ya hau wuya ya zauna a muƙamuƙi. Numfashi ya gajarce, amai ya taso. Sai in jingine taɓarya in zauna, in na ɗan jima ya lafa, in tashi in ci gaba. Ga wata gajiya da barci ba ya wanke ta. Na yi haihuwa, na yi roron gyaɗa da goyo a baya, na san gajiya iri-iri, amma wannan ban santa ba.

Na gwada shi da na Malam, tunda shi ne ma'aunin da nake da shi. Babu buhu a ƙirjina, sai ɗan zafi-zafi a ƙasan ƙashin ƙirji irin na wanda ya cika yaji a tuwo. Hannun hagu lafiya lau. Ban taɓa faɗuwa ba. Na ce to, ba shi ba ne.

Sau ɗaya na taɓa yi masa zancen. Yana shan furar na ce, "Malam, ni fa in ina daka wani abu yana riƙe mini baya har haƙora, numfashi ya ƙi isa."

Ya ajiye ludayi ya dube ni. "A ƙirji?"

"A'a, a baya. Da nan." Na shafa muƙamuƙi.

"Olsa ce," ya ce. "Ba kya cin abinci a kan lokaci. Ciwon zuciya ai ni ke da shi, na san shi ciki da waje. Na maza ne wannan, masu ɗauke da nauyin gida a ka. Ke me ya dame ki?"

Da tausayi ya faɗa fa, har ya turo mini sauran furar. Na sha, raina a ɓace, ban kuma san da wa nake fushi ba.

Daga nan kowa ya kama olsa. Mai kemis na bakin kasuwa ya ba ni farin maganin nan mai kauri, na yi ta sha kwalba bayan kwalba. Maƙwabciyata ta ce jiƙon kanwa, na jiƙa. Da muƙamuƙin ya matsa mini sai aka ce haƙori ne, na je aka cire mini ɗaya na ciki. Na gan shi a cikin 'yar tasa, fari tas, babu kogo ko kaɗan. Wurin ya warke, ciwo yana nan inda yake. Har yau in harshena ya faɗa gurbin sai na ji haushi.

Malam ya yi shekaru yana lallaɓa nasa. Ya rasu da kaka, bayan sallar la'asar, a kan tabarmarsa, mutane kewaye da shi. Na yi takaba, masu zaman makoki suka watse, 'ya'ya suka koma gidajensu, gida ya yi mini girma. Mutum zai ce a wuri irin namu ba a kaɗaici, tunda daga tsakar gidana ina jin kiran sallar ƙauyukan da ke kewaye, ina jin dakan maƙwabta da kukan jakinsu da baburan da ke wucewa. Amma gidan da babu namiji ba a cika yi masa sallama ba. Zauren da a da ba a rasa baƙo a cikinsa ya zama wurin fakewar awakin mutane. Nakan wuni ban yi magana da kowa ba sai kaji. Na koma tukunya ɗaya, na daɗe kuma ina dafa ta babu gishiri don hannu ya saba, sai na kai loma baki in tuna.

A nan dole in yi bayanin babban ɗana, don 'yan yanzu ba duka za su gane ba. Ɗan fari ne, kuma a zuri'armu ana kunyar ɗan fari ƙwarai. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta zama hira da shi. Da na haife shi, sai kowa ya fita daga ɗaki nake juyawa in kalli fuskarsa. Da aka yaye shi kakarsa, uwar Malam, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, bango ɗaya tsakaninmu. In ya faɗi ya fasa gwiwa ina gani, wata ce za ta ɗaga shi, ni kuwa in ci gaba da tankaɗe kamar ban ji ba. Ana yaba mini a kan haka, ana nuna ni ga amare ana cewa ga mai kunya. Da idon mutane aka fara abin, amma da mutanen suka mutu suka ƙare, shi bai tafi ba.

Ya yi karatu, ya sami aiki a Kano, ya yi iyali a can. Mutumin Kano nake ce masa in dole ta sa na ambace shi. Yana da biyayya, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ranar Asabar zai sauka daga bas, ya shigo da leda a hannu, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ya jiki?"

"Alhamdulillahi."

"Akwai abin da ake buƙata?"

"Babu."

Ni ina kallon wani wuri, shi yana kallon ƙasa. Da Malam yana raye, duk abin da nake so ya sani ta bakin Malam yake bi, ko ta bakin autata. To Malam ya tafi, auta tana aure a Bagwai. Saura ni da shi da gaisuwar nan da ba ta kai tsawon alwala ba.

Ciwon kuma ya daina jiran turmi. Guga ɗaya in na ja daga rijiya sai na huta. Shara sai a zaune. Wani lokaci ma ba na komai, tunani ne kawai zai taso, sai in ji ya riƙe bayan. Wata rana da hantsi na sunkuya zan ɗebi ruwa a randa, sai ya zo da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba. Zufa mai sanyi ta rufe ni, na yi amai, ƙafafu suka ƙi ɗaukata. Na kwanta a gindin randar, kuncina a kan damshin ƙasa. Ta bayan katanga ina jin maƙwabciyata tana yi wa jikarta faɗa a kan wanke-wanke. Kira ɗaya zan yi ta ji, amma iskar da zan yi kiran da ita babu. Na daɗe a wurin, har inuwa ta matsa rana ta same ni.

Na ji tsoro, tsoro na gaske. Mutuwa dai dole ce, na sani, amma tunanin sai kaji sun ji yunwa sun dami mutane kafin wani ya leƙo, wannan ya girgiza ni. A kwance a wurin na gane ina son in rayu, ina son in ga auren jikokina. A nan kuma na yi wani tunani da ban taɓa yi ba. Nawa da na Malam ba wuri ɗaya suke kamawa ba, amma hali ɗaya gare su: aiki ke tayar da su, hutu ke kwantar da su. Olsa ina ruwanta da guga?

Na kira auta a waya na faɗa mata. Ta yi kuka ta ce, "Inna, olsar ce ta yi tsanani, bari in gaya wa Yaya." Ta kuwa gaya masa. Asabar na zagayowa ya shigo da kwali guda na maganin olsa, da madara, da saƙo ta bakin auta cewa in rage yaji. Na dubi kwalin nan na ji kamar in yi ihu. Duk maganar da na aika ta bakin wani, kafin ta isa ta zama olsa. In ina so a kai ni inda aka kai Malam, inda ake da na'urar duba zuciya, to sai na faɗa wa mutumin Kano da bakina, don shi kaɗai ne zai iya kai ni.

Na yi ta shirya maganar, ina gwadawa a kan kaji. Mace mai jikoki tana koyon yadda za ta ce wa ɗanta ba ta da lafiya, abin dariya ne in ba a kanka yake ba. Ya zo, ya durƙusa, ya ce ya jiki. Na buɗe baki, Alhamdulillahi ta fito da kanta. Ya tashi ya tafi. Na zauna na yi kuka, na zagi bakina, na zagi duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan al'ada, na koma na yi istigfari. Haushinsa ma na ji. Bai ga na rame ba? Bai ga ba a share tsakar gida ba? Amma haka aka raine shi, kada ya ɗaga ido ya kalle ni.

Zuwansa na gaba ya gama gaisuwa ya miƙe, har ya kai tsakiyar gida. Na juya fuskata ga bango na ce, da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, "A kai ni inda aka kai Malam."

Na ji takunsa ya tsaya. "Inna, da ni kike?"

"Akwai wani a gidan?"

Bai ƙara tambaya ba. Ya ce Litinin zai dawo da mota, ya kuma dawo.

Na zauna a baya, shi yana tuƙi. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, hanya duk kore hagu da dama. Ban kalli gonakin sosai ba, ƙeyarsa nake kallo, tunda daga baya babu mai kama ni. A nan na ga furfura ta fito masa a ƙasan hula. Ban san yaushe ta fara ba. Har muka shiga birni maganar da ta haɗa mu ita ce ko in rage gilashi, na ce a bar shi haka.

A asibiti mun bi layi, an auna jinina an ce ya hau, muka zauna a benci har aka kira mu. Likitan saurayi ne ɗan kudu da aka turo bautar ƙasa, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ciwo ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke yi masa tafinta an kira ta wani ɗaki. Ni kuwa karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, Hausa nake karantawa nake rubutawa, Turanci sai dai in ji ana yi. Likita ya nuna wa mutumin Kano kujerar da ke gefena ya ce ya fassara. Wallahi da na san haka za a yi da ban fito daga gida ba.

"Inna, wai me ke damun ki?" ya ce, idonsa a kan teburin.

"Gajiya ce."

Ya juya masa. Likita ya sake magana.

"Wai ƙirjinki yana ciwo?"

"A'a."

Likita ya leƙa ledar da muka zo da ita, ya ga kwalbar farin magani, ya fara gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gane. Na ga alƙalaminsa ya nufi takarda, na kuma san abin da zai rubuta. Wato in taso tun daga ƙauye, in zubar da kunyar da na riƙe tun ina amarya, a sake ba ni wata kwalbar in koma? Raina ya ɓaci, kuma ɓacin ran ne ya buɗe mini baki.

Na kafa ido a taga na fara. Na faɗi bayan, na faɗi wuyan da muƙamuƙin, na faɗi haƙorin da aka cire a banza. Na faɗi gugan da sharar da gajiyar da ba ta jin barci. Ina faɗa yana juyawa da murya a miƙe, kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Da na zo kan randa, da aman, da yadda na kwanta har rana ta same ni, ya ɗan tsaya, ya yi gyaran murya, sannan ya ci gaba. Likita ya ajiye alƙalami ya jawo kujerarsa kusa. Ya tambayi wani abu, mutumin Kano ya yi ta kame-kame, wai ko, wai abin nan na mata, wai ko har yanzu. Na tausaya masa na ce ya daɗe da ɗaukewa, kafin ya ƙarasa.

Sai ya ce, "Wai tun yaushe ciwon ya fara?"

"Tun shekarar da aka hana babansa gishiri," na ce. Babanka ya kamata in ce, harshe bai iya ba.

Bai fassara ba. Likita ya jira, ya sake tambaya. Na saci kallonsa, na ga hannayena yake kallo a kan cinyata. Ya san shekarar. Shi ya tsaya wa uban a asibiti, shi ya dawo da dokokin abin da za a ci da wanda ba za a ci ba, shi ne kuma duk Asabar yake shan furar nan a zaure yana ce wa ubansa babu irinta a Kano. Da ƙyar ya tattaro 'yan kalmomi ya ba likita.

Aka fitar da shi, wata mata ta manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka sa mana ranar da za mu koma a ɗauki hoton zuciya. Da muka koma aka gama, likita ya zaunar da mu ya yi dogon bayani. Ma'aikaciyar jinya tana nan a ranar, amma mutumin Kano ya ce a bar shi, shi zai faɗa mini.

"Inna, wai ciwon Baba ne, iri ɗaya. Wai akwai tabo a zuciyar, alamar ta taɓa samun babban rauni ba a sani ba, yana zaton ranar randar nan ce. Wai ba ciwon maza ba ne kaɗai, mata ma suna yi, sai dai yawanci yakan jira sai shekaru sun ja, bayan abin nan da ya tambaye ki ran nan. Wai mata da yawa a ƙirji suke jin sa kamar maza, amma wasu a baya yake zo musu, ko a wuya, ko a haƙora, ko ya zo da gajiya da haki da amai, shi ya sa ake ɗaukarsa olsa. Wai a mata wani lokaci ƙananan jijiyoyi ne ke tsukewa ba manyan ba, kuma ɓacin rai yana tayar da shi ko ana zaune. Wai shi ya sa mata sukan zo a makare." Ya ƙara da cewa, "Wai da an ƙara jinkiri…"

Bai ƙarasa ba, ban kuma nemi ya ƙarasa ba. Rabin hankalina yana kan maganar, rabi yana kan muryar. Tunda na haife shi bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Ashe yana jan ƙarshen magana kamar mahaifina, ban taɓa sani ba.

Magungunan da aka ba ni na gane su tun kafin a kwance leda, har da 'yar ƙwayar ƙarƙashin harshe. An hana ni daka, an hana ni guga, an hana ni gishiri. Na koma gida da ciwon Malam sak, amma ba a shimfiɗa tabarma a zaure ba. Mata ne suka leƙo ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce, "Ke ma? Ai mun zaci na maza ne." Na nuna musu inda yake kama ni. Maƙwabciyata mai kanwa ta kai hannu ta shafa bayanta, na ce mata ta sa a kai ta, ta ce ai ita tata olsa ce. Namiji in ya kamu akwai mai dafa masa tukunya ta biyu. Mace in ta kamu, ita ce za ta rarrafa ta hura wutar.

Mutumin Kano ya aiko ta bakin auta cewa in koma gidansa. Na ce a'a. A gidan ɗan fari ina zan sa idona, da safe da yamma? Ya yi magana da mai kurar ruwa ana cika mini randa, gero kuma inji ake kai mini shi, ban ji yana warin komai ba.

Likita ya ce masa a riƙa lura da ni, shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Kullum da safe kafin ya fita aiki yana kira, abin da bai taɓa yi ba a da. Tambayoyin likita yake yi mini, kuma har yanzu da wai yake farawa, kamar likitan yana zaune a tsakaninmu.

"Inna, wai kin sha maganin? Wai bayan fa? Wai numfashi? Ƙafa ba ta kumbura ba?"

In akwai ciwo, magana takan yi tsawo. Zai ce yaushe ya fara, me nake yi, ya daɗe ko ya lafa da wuri. In ce ina ba kaji dusa ne. Ya ce har yanzu kajin suna nan? In ba shi labarin wadda shaho ya ɗauka, shi kuma ya ce 'yarsa ta fara azumi ta karya da azahar. Ta ƙofar ciwon muke shiga, mu ɗan zaga, mu fito. In kuwa babu ciwo, na ce babu, babu, babu, sai ya ce to Alhamdulillahi, Allah ya ƙara sauƙi. Ina jin numfashinsa yana jin nawa, sannan ya kashe. Gidan ya koma yadda yake sai kuma gobe.

Maganin yana aiki, ba zan ɓoye ni'imar Allah ba. Ranakun babu sun fi yawa yanzu, ya kamata in yi murna, ina kuma yi. Yau da safe na tashi garau, na yi shara a tsaye, babu inda ya ce mini uffan. Waya ta yi ƙara, na ɗauka.

"Inna, wai kin sha maganin?"

"Na sha."

"Wai bayan fa?"

Na dubi tsakar gidan nan da na share tas, babu kowa a ciki. Na ce, "Kaɗan-kaɗan dai."

"Subhanallahi. Tun yaushe? Me kike yi ya fara?"

Na jawo kujera na gyara zama.